Zakaran Kyauta da Kafso Ja-da-Yalo: Abin da ke Kwashe Kajin Ƙwai a Gidajenmu

Gwaggona da ke cikin birnin Zariya ba ta taɓa taka ƙofar banki ba. Nata bankin yana bayan ɗakin girki, wani akurkin laka da aka rufa da tsohon kwano. A shekarar da nake magana akwai kaji 22 a ciki. Goma jajaye ne irin na gidan gona, ta saye su suna dab da fara ƙwai. Sauran 'yan gida ne da suka yaɗu a hannunta, wannan ta ƙyanƙyashe waccan. Kullum da safe yaro zai kai wa mai shayin bakin layi ƙwai bakwai ko takwas, da kuɗin take zubin adashe, ta sayi sabulu, ta ba jikoki na tara in za su makaranta.

Ana tsakiyar hunturu surukinta ya dawo daga wata kasuwar ƙauye da ƙaton zakara ja wur, ya ce a ba Gwaggo. Ta sa albarka, ta kwance igiyar da ke ƙafarsa, ta sake shi a tsakar gida. A rana ta biyar zakaran nan bai yi cara ba. Da gari ya waye aka tarar da shi a gindin bango, ya saki fukafukai har ƙasa kamar wanda ya yafa bargo, ido a lumshe, yana numfashi da baki buɗe, kashinsa ruwa-ruwa kore shar. Aka yi maza aka yanka shi kada ya yi mushe, aka fige shi a bakin rijiya, aka watsar da hanjin a bola. Kafin kwana goma kaji huɗu suka rage a akurkin, ɗaya daga cikinsu wuyanta ya murɗe, tana tafiya da baya tana kallon sama.

Ba zama ta yi ta naɗe hannu ba. Ta daka barkono ta zuba musu a ruwa, ta jiƙa sassaƙen maɗaci, ta aika kemis aka sayo kafso ja-da-yalo ta farke ta juye a kaskon shansu. Maƙwabta suka shigo jaje, kowa na cewa iskar bana ce, haka ta yi a gidan wane da gidan wance. Gaskiyarsu ta wani ɓangare, don kafin watan ya ƙare babu gidan da ke da kaza a layin nan da bai kwashi gawa ba. Sai dai ba iska ce ta kawo ciwon ba. A hannu aka shigo da shi, ɗaure da igiya.

Ciwon da ke zuwa da sanyi

Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Niyukasil, da sunan garin Ingila inda aka fara bayyana ta a wajajen 1926, lokacin da ta ɓulla kuma a tsibirin Jaba na Indunusiya. A Nijeriya an tabbatar da ita tun farkon shekarun 1950, ba ta sake barin ƙasar ba. A wasu garuruwanmu ana ce mata fakat, kuma sunan ya dace da aikinta, don idan ta shiga akurkin da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share shi tas. Ƙwayar cutar bairos ce. Tana fita ta kashi da majina da numfashin kazar da ta kamu, ta maƙale a takalmi da kwandon dako da kaskon ruwa. Daga ranar da kaza ta ɗauka zuwa ranar da za ta nuna alama yakan ɗauki kamar kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu. A cikin wannan tazarar ne zakaran Gwaggo ya yi ta yawo cikin kajinta, lafiya lau a ido.

Abin da ya sa ta fi ƙamari da hunturu ba ɓoyayye ba ne. Sanyi da bushewar iska suna ba ƙwayar damar daɗewa a waje, ƙura na ɗaukar ta, kajin kuma a takure suke. Ga shi lokacin ne kasuwar kaji ke cika saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, balle in Sallah ta faɗo kusa. Sannan akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba a son faɗa: mutumin da ya ga kajinsa sun fara mutuwa, kafin rana ta yi tsaka ya ɗaure sauran ya nufi kasuwa. Kazar da aka karyar wa farashi a watan Disamba abar tuhuma ce. Agwagi ma sukan ɗauki ƙwayar su yaɗa ta ba tare da sun kwanta ba.

A kajin ƙwai, wani lokaci ba da mutuwa take farawa ba. Sai dai a ga ƙwai ya ragu kwatsam, wanda ake samu kuma ɓawonsa ya koɗe, ko ya fito a mommoƙaɗe, ko babu ɓawo sam sai 'yar fata.

Babu maganin da ke warkar da ita. Kafson da Gwaggo ta saya tetarasaikilin ne, aikinsa kashe bakteriya, ba ya taɓa bairos. Barkono kuwa, tsuntsaye ba sa ma jin yajinsa yadda mu muke ji, shi ya sa kaza ke tsattsage shi a shanya hankalinta kwance. Kajin da suka tsira bayan an ba su waɗannan abubuwa, da ma can masu tsira ne, amma sai a ba kafso lada, baɗi a sake sayensa.

Abin da ke aiki shi ne allurar rigakafi, kuma a nan gida ake yin ta. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana sarrafa rigakafin wannan cuta iri-iri. Akwai Lasota da masu gidan gona suka saba bayarwa a ruwan sha. Akwai kuma wadda ake kira I-2, da masana a Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye, saboda tana jure zafi fiye da sauran, ba ta lalacewa da zarar an fitar da ita daga firji. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, babba ko ɗan tsako, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kariyar kan kankama bayan mako ɗaya ko biyu, don haka wanda ke son ya tsallake hunturu, a watan Oktoba ya kamata ya yi, ba ranar da ya ji kajin maƙwabci sun fara faɗuwa ba. Kazar da ta riga ta kamu ba a yi mata.

Masu ba da Lasota a ruwa su ma sukan yi asara ba su sani ba. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana kashe ta, haka rana, haka tsatsar kwano. Ana hana kajin ruwa na awa ɗaya ko biyu da sassafe don su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta a robar da ba a wanke da sabulu ba, su shanye cikin awa biyu. Kwalbar da ta yini a aljihun ɗan acaɓa kafin ta iso gida, ruwa ce kawai.

Akwai wata cutar da ke kama da wannan har likita ma sai ya kai gwaji kafin ya bambance su, wato murar tsuntsaye. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka, kafin watan ya fita kuma aka same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Ta dawo a 2015 ta Kano da Legas, tun daga nan take ɗagowa lokaci-lokaci. Ita tana iya kama mutum. Idan kaji suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafa ta nuna kamar jini ya kwanta, to wannan ba ta yanka ba ce, ba ta kasuwa ba ce. A kai rahoto ofishin likitan dabbobi, a haƙa rami mai zurfi a binne gawar, kada a bar yara su taɓa.

Dusa ba ta yin ƙwai

Annoba tana zuwa ne sau ɗaya ko biyu a shekara. Abin da ke cin mai kajin ƙwai kullum, a hankali, yana cikin kaskon abinci.

Kazar Hausa da ke yawo tana ciyar da kanta: gara, tsutsa, ɗanyar ciyawa, tsakuwa, ragowar tuwo. Ita kuma ba ta yi wa kowa alkawarin ƙwai kullum ba. Takan yi goma sha wani abu ta kwanta a kai kwana 21, ta yi renon 'yan tsaki, a shekara ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba. Ja ta gidan gona wata halitta ce daban. An tace irinta ne don ta yi ƙwai kusan 300 a shekara, tana farawa tun tana mako 18 zuwa 20. Ko Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar don ta dace da yanayinmu, ba a yi ta don ta rayu a kan dusa ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayo irin wannan kaza, a kulle ta, a riƙa ba ta abin da ake watsa wa 'yar gida, alhali an hana ta yawon da 'yar gida ke cike giɓi da shi.

Lissafin ba wuya. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai kaji goma kamar mako uku. Abincin yana bukatar sinadarin gina jiki kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. Wanda tsadar buhu ta kora ya koma haɗawa da kansa, sai ya tabbatar akwai waken soya a ciki, gasasshe, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. Ƙuli-ƙuli marar gishiri da garin ƙananan kifi suna taimakawa, ganyen zogale kuma yana sa gwaiduwa ta yi ja. Amma masarar da ta yi fumfuna, wadda ake cewa ba ta ciyuwa a ba kaji, guba ce. A 1960 irin wannan gubar da ke cikin tunkuzar gyaɗa ta kashe talo-talo sama da dubu ɗari a Ingila, a nan ne ma aka gano ta aka sa mata suna afalatoksin. Tana lalata hantar kaza, tana rage ƙwai, tana kuma raunana rigakafin da aka yi.

Sai maganar ɓawo. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki a wajen gina ɓawo suke tafiya, galibi da dare. Kowane ɓawo yana cin kusan giram biyu na sinadarin kalsiyam, kazar kuma sai ta ci kamar giram huɗu a rana kafin ta samu hakan. In babu a abinci, daga ƙashinta take cira. Shi ya sa za a ga kazar da ta fi kowace ƙwai ita ce ta fara gurguncewa, ta zauna a ƙasa ta kasa tashi, a ce ai shanyewar ƙafa ce. Kafin a kai nan akwai alamu: ɓawo ya yi laushi, yana fashewa a hannu, kajin su fara fasa ƙwansu suna sha. Garin ƙashi, ko dutsen farar ƙasa da masu kayan abincin kaji ke sayarwa, ko ɓawon ƙwan da aka gasa aka daka, a ajiye musu a wani kasko daban, musamman da yamma. A daka shi sosai, kada su gane ƙwai ne su koyi fasawa.

Rashin kalsiyam da yawan ƙiba su ne kuma kan gaba wajen sa ƙwai ya maƙale. Kazar za ta riƙa shiga wurin ƙwai tana fitowa, tana yunƙuri, wutsiya a ƙasa, tana tafiya a tsaye kamar agwagwa. A zaunar da bayanta cikin ruwan ɗumi na kwata ɗin awa, a shafa ɗan mai a duburar, a ajiye ta wuri mai duhu ita kaɗai. Kada a matsa cikin, in ƙwan ya fashe a ciki an gama. Wadda kuma duburarta ta zazzago, a raba ta da sauran nan take, don kaji in suka ga ja ba sa barin sara sai sun zaro hanji.

Bazara a ƙarƙashin kwano

Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41, kuma ba ta gumi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram ke haura digiri 40 a inuwa, akurki mai rufin kwano tanderu ne. Abin da ta iya kawai shi ne ta buɗe baki tana haki, ta ɗaga fukafukai. Hakin nan yana canja sinadaran jininta ta yadda ɓawo ke yin siriri ko da abincin ya cika, ga shi kuma cin abincin ma ya ragu. Manyan jajayen su ne ke faɗuwa da la'asar.

Maganin ba na kemis ba ne. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon, a buɗe tagogi ta ɓangarori biyu a sa waya. Ruwa ya zama na randa, a sauya shi da rana tsaka, domin kaza ba ta son ruwan da ya ɗumame. A kwanakin sanyi takan sha kamar rubu'in lita a rana, da bazara ta ninka. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, don haka yini ɗaya da kasko a bushe yana iya tsayar da ƙwai na kwanaki. Abinci kuma a ba su da asuba da kuma bayan la'asar.

A shiga akurki da tocila

Akwai abokan gaba da ba a ganinsu da rana. Na taɓa raka Gwaggo akurkinta bayan isha'i, shekara guda bayan waccan asarar, don sababbin kajinta sun ƙi shiga kwana, sai su hau katanga. Ta ce ko muzuru ne ke firgita su. Da muka haska tsagar bangon laka sai ga kaska jere, masu faɗi kamar ƙwayar kankana, wasu sun sha jini sun yi tim. Wannan kaskar ba ta zama a jikin kaza. Da rana tana ɓoye a tsagar bango da ƙarƙashin sandar da suke hawa, da dare ta fito ta sha, kuma tana ɗauke da wata cutar zazzaɓi da ke sa koren zawo. Sai da aka yaɓe tsagogin, aka shafe bangon da farar ƙasa, aka ƙone tsofaffin sandunan.

Ƙuma kuwa a fili take, baƙaƙen ɗigo da ke manne a gefen ido da zanko. Man basilin ko man kaɗanya da aka shafa da kauri yana toshe mata numfashi. Haka ake yi wa ƙafar da ta yi kaushi ta tattashi kamar ɓawon itace, wadda wasu ƙananan ƙwari ne ke haƙa a ƙarƙashin fatar. Ƙwarƙwata ana ganinta in an buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya. A nan dabarar iyayenmu ta toka tana da amfani: a tara toka da yashi a wani lungu busasshe su riƙa birgima. Abin da ba shi da kyau shi ne fesa musu fiya-fiya ko dulmiya su cikin kananzir. Yana kashe ƙwarin, wani lokaci har da kazar, kuma a gidan da yara ke rarrafe ake yin wannan.

Da damina sauro kan kawo ƙurajen da ke fesowa a zanko da fuska. Masu bushewa sukan warke da kansu cikin 'yan makonni, a dai shafa musu aidin. Masu fitowa cikin baki su ne ke kisa, su ma akwai rigakafinsu da ake tsirawa a fatar fiffike. Shimfiɗar da ta jiƙe tana haifar da kashin jini, musamman ga ƙananan da ba su fara ƙwai ba, ana kuma ba su amfuroliyam. Tsutsar ciki tana ramar da kaza tana ci, a ba su maganinta duk bayan wata uku. In ka shiga akurki warin kashi ya sa idonka yaji, to su da ke kwana a ciki ya riga ya fara ƙona musu hanyar numfashi, daga nan sai mura da kumburin fuska.

Duk wannan ana gane shi da wuri in ana ɗaukar kaza a hannu. Mako-mako, da dare lokacin da suka natsu, a ɗaga kowace. A shafa ƙashin ƙirji: in ya fito kamar wuƙa, ta rame. A duba zanko: na mai ƙwai ja ne, mai taushi da ɗumi, na wadda ta daina ya yanƙwane ya koɗe. A sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen dubura: yatsu biyu zuwa uku suka shiga, tana ƙwai, in ɗaya ne tak, abinci kawai take ci. Minti biyu ya isa kaza ɗaya.

Komawa ga kafso. Illarsa ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Maganin da aka zuba wa kaza yana fita a cikin ƙwanta na kwanaki, shi ya sa ake rubuta wa'adin da za a jira a jikin leda ko kwalbar maganin dabbobi. A gidajenmu wa ke zubar da ƙwan mako guda? Mai shayi ake kai wa, ko a dafa wa yaro. Kaɗan-kaɗan ɗin nan da ake sha ba a sani ba yana cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su saba da magani, ranar da mutum ya kwanta a ba shi ya ƙi ci. Akwai ciwon kaji da ke bukatar irin wannan magani, amma likitan dabbobi ne zai faɗi wanne, nawa, kwana nawa.

Gwaggo ta sake tara kaji. Yanzu duk kazar da ta shigo gidan, ta saye ce ko ta kyauta, ƙarƙashin kwando take zama a zaure mako biyu cur da kaskonta daban, ko da mai kyautar zai ji haushi. Matsalar da ta rage ita ce kwalbar rigakafi, wadda ake yi don kaji 50 ko 100 ko fiye, kuma in an buɗe ba ta ajiyuwa. Mai kaji goma ba za ta saya ita kaɗai ba, ko ta saya ma, kajin maƙwabta da ke tsallako katanga ba a yi musu ba. Matan da ke iya haɗa adashe duk mako ba za su kasa haɗa kuɗin kwalba ɗaya sau uku a shekara ba. A samu mutum ɗaya a layi ya je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya koyi ɗiga ta a ido, a sa rana, kowa ya kulle kajinsa tun dare. A yi na farko kafin Oktoba ta fita.